TSOHUWAR BESFA A ZAURE

 Yau maganar babur zan yi muku. Na san wata za ta ce ina ruwan mace da babur, abin da ba tuƙawa muke yi ba? To ki yi haƙuri ki karanta, domin kuɗin da ake sayensa daga tukunyarki ake rage shi, kuma ke ce mai zaman jiran ƙararsa in dare ya yi maigida bai dawo ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata ɗabi'a da na gani a gidaje fiye da ɗaya a nan Gusau, har da nawa. Sai ki ga magidanci da furfurarsa, mai hankali, wanda ba a san shi da almubazzaranci ba, ya je ya kinkimo wani tsohon babur da ya shekara goma sha a zauren wani, kaji na kwana a kansa, ya kai gareji ya yi ta zuba masa kuɗi wata da watanni. In kin yi magana ya ce ba za ki gane ba. Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma a nan ƙasar Zamfara akwai dalilin tuna bara mai yawa. Ni dai ina ganin kafin ki yanke hukunci a kan wannan ƙarfe, ya kamata ki san inda ya fito da irin zamanin da ya ratsa.

Gusau gari ne da jirgin ƙasa ya raya. Layin dogo da ya taso daga Zariya ya ratso ta nan ya ƙare a Ƙauran Namoda a 1929, shi ya jawo kamfanonin Turawa masu sayen gyaɗa da auduga suka kafa kantunansu, baƙi suka cika Sabon Gari. Amma mutumin ƙauye da zai kawo amfanin gonarsa daga Bungudu ko Kwatarkwashi ko Tsafe, jaki ne motarsa, mai sarauta kuma doki. Abin hawan zamani na farko da ya shiga hannun talaka shi ne keke, musamman Raleigh na Ingila. Kakanninmu mata sun ba mu labarin yadda ake yi wa keke ado da tuntaye da madubai, saurayi ya zo zance yana kaɗa ƙararrawa tun daga bakin lungu. Babur a lokacin sai jefi-jefi, wurin Bature ko babban ma'aikacin En'e ko wani attajiri.

Shekarun 1970 ne suka juya komai. A ranar 2 ga Afrilu 1972 aka sauya hannun tuƙi daga hagu zuwa dama, a ranar 1 ga Janairu 1973 aka ajiye fam da sule aka ɗauki naira da kwabo, sannan farashin man fetur ya yi tashin gwauron zabo a kasuwar duniya, kuɗi suka yi ta kwarara cikin baitulmalin gwamnatin Janar Yakubu Gowon. Gwamnatin ta kafa wani kwamiti ƙarƙashin Jerome Udoji don ya duba aikin gwamnati da albashi, ya miƙa rahotonsa a 1974. Aka ɗaga albashi mafi ƙanƙanta daga naira 312 zuwa naira 720 a shekara, wato naira 60 a wata, kuma aka ce ƙarin ya fara aiki tun daga Afrilu 1974. Saboda haka da aka zo biya a farkon 1975, sai ma'aikaci ya karɓi ariyas na watanni tara a dunƙule, kuɗin da bai taɓa riƙe irinsu ba tun da uwarsa ta haife shi. Har yau in tsoho ya ce miki “lokacin Udoji”, wannan yake nufi.

Mai karatu, kin san halin maza in kuɗi sun zo ba zato. Wasu suka ƙara aure, wasu suka sayi rediyo mai kaset, masu dogon tunani suka sa kwano a ɗaki. Amma abin da ya fi tafiya da kuɗin Udoji wurin ƙananan ma'aikata shi ne babur. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, malamin firamare ne, muna zaune a Gusau yana koyarwa a wajen Bungudu, lokacin duk muna cikin Jihar Arewa maso Yamma, kafin a yanka Jihar Sakkwato a 1976. Da kekensa yake zuwa ya yi kwanaki a can, sai ƙarshen mako mu gan shi. Da ariyas ta fito ya haɗa da rancen abin hawa da ake ba ma'aikata, ya sayo Vespa, wadda bakinmu ya mayar Besfa. Daga ranar ya koma kwana a gida kullum. Innarmu takan ce ita Udoji miji ya dawo mata da shi.

Bari in ɗan tsaya a kan ita Besfar, don labarinta na da daɗi. A ƙasar Italiya aka ƙera ta a 1946, bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya ragargaza ƙasar. Kamfanin Piaggio da ke garin Pontedera jiragen sama yake ƙerawa a da, yaƙi ya rushe masana'antar, sai mai kamfanin, Enrico Piaggio, ya nemi abin hawa mai araha da talaka zai iya saya. Injiniyan da ya zana ta, Corradino D'Ascanio, mutumin jirgin sama ne, kuma an san shi da ƙin babur irin na da saboda dattin sarƙa da wahalar cire taya. Don haka ya yi wadda ba ta da sarƙa ko kaɗan, ya manna injin a gefen tayar baya ta hannun dama ya rufe shi da murfi, ya sa garkuwa a gaba mai tare ƙura da taɓo, ya bar fili a tsakiya inda mutum zai ajiye ƙafafunsa kamar yana zaune a kujera. Sunan Vespa da Italiyanci yana nufin zanzaro, saboda siririn ƙugunta da irin kukan injinta.

Shi Baturen Italiya yana tunanin mutanen ƙasarsa ne masu kwat da matansu masu siket, bai san ya yi wa Bahaushe ɗinki daidai wuyansa ba. Mai babbar riga ba sai ya ɗaga ƙafa ya haye kamar mai hawan doki ba. Zai tattara rigarsa ya zauna, hularsa a kafe, ya isa wurin ɗaurin aure ko masallacin Juma'a ba ɗigon baƙin mai a shaddarsa. Shi ya sa Besfa ta zama abin hawan malamai, da ma'aikatan asibiti, da akawuna, da 'yan kasuwa masu kamun kai. Mu mata kuwa mun fi kowa cin moriyarta ba tare da mun lura ba. Duk wadda ta taɓa ganin yadda sarƙa ko wayoyin taya ke fizgar bakin zani ko hijabi ta san abin da nake faɗi; akwai matan da suka karye ko suka shaƙe ta wannan hanya. A Besfa tayar baya a lulluɓe take. Innarmu na zama a karkace a kujerar baya da goyo, yayana a tsaye a gaban Baba ya riƙe kan babur, ni kuma a matse a tsakiya, haka muke zuwa gaishe da dangi ranar Sallah. Yau in na tuna sai in ce Allah ne kawai ya tsare, don ba hular kwano ba komai, kuma ba na ba kowa shawarar ya ɗibi 'ya'yansa haka.

Ba Besfa kaɗai ke kan titi ba. Samari masu ji da kansu Honda suke so, irin su Benly da Honda 175, daga baya aka yi Roadmaster mai inji biyu da salansa biyu, wadda in ta taso sai ƙirjinki ya amsa. Akwai Suzuki da Yamaha masu hayaƙi, akwai kuma ƙaramar Honda Cub da aka fara yi a Japan a 1958, wadda kamfanin ya sanar a 2017 cewa ya ƙera guda miliyan 100. Kasuwar ta yi ƙarfi a Nijeriya har Honda ta kafa wurin haɗa babura a Ota ta Jihar Ogun a 1979. A wancan zamani budurwa na iya gane matsayin mai neman ta daga abin da ya jingine a ƙofar gida, kuma ƙawaye na tsokanar juna da shi a dandali.

Abin da nake so ki riƙe daga wannan zamani shi ne ƙara. Babura ba su da yawa a unguwa, kowanne da muryarsa. Matan gida, da ke cikin kulle ba sa leƙa waje, da kunne suke sanin duniyar maza. Innarmu tana tsakar tuƙa tuwo za ta ɗaga kai ta ce, “Ga Malam nan, ku kai mai ruwa.” Mu ba mu ji komai ba tukuna, sai can mu ji tat-tat-tat ɗin Besfa ta karyo kwana. In ta maƙwabci ce ko motsi ba ta yi. Ta san in ya tsaya sayen nama daga yadda ƙarar ta yanke a bakin titi, ta san ranar da fulogi ke ba shi wahala. Ƙarar babur da magariba a lokacin albishir ce: mai gida ya dawo, akwai cefane a rataye, yara a fito a yi oyoyo.

Daɗin bai daɗe ba. Farashin mai ya faɗi a duniya, gwamnatin Shehu Shagari ta kawo tsuke bakin aljihu a 1982, albashi ya fara makara, malaman firamare suka fi kowa shan wuya. A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo shirin da ake kira SAP, aka karya darajar naira. Kuɗin da a 1980 ya fi dalar Amurka ƙarfi sai ga shi ana ba da wajen naira huɗu kafin a sami dala ɗaya. Duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tsada, sabon babur ya fi ƙarfin ma'aikaci, kayan gyara ma haka. Litar fetur da ake saya kwabo 20 a 1982 ta kai naira 11 a 1994.

A cikin wannan matsi ne aka sa ranar auren yayarmu. Kin dai san al'ada, uba ne zai yi gado da katifa da kujeru, uwa ta yi kwanuka da jere. Baba ya duba hagu ya duba dama, babu. Wata safiya ya wanke Besfarsa tas, ya fita da ita, ya dawo da yamma a ƙafa. Bai ce wa kowa uffan ba, Inna ma ba ta tambaya ba, ta dai shiga ɗaki ta daɗe. Gadon da aka kai yayarmu da shi, Besfa ce. Ina faɗin wannan ne don na san ba gidanmu kaɗai ba ne. Ki tambayi mahaifiyarki ko gwaggonki da aka aurar a ƙarshen shekarun 1980 me aka sayar aka yi mata kayan ɗaki, za ki sha mamaki. Baba ya koma kan keke har ya yi ritaya.

A wannan lokaci ne kuma babur ya sauka daga abin ado ya zama abin neman abinci. Motocin haya sun yi ƙaranci, masana'antu na rage ma'aikata, masaƙar Gusau da a da take ɗaukar ɗimbin mutane ta fara tangal-tangal. Sai ma'aikaci ya tashi daga ofis ya cire hula ya shiga gari ɗaukar fasinja. Mu nan muna cewa kabu-kabu, Kanawa na cewa acaɓa. Besfa ba ta dace da wannan aiki ba, tayunta ƙanana ne, ba ta son rami, ba ta son lodi. Aka koma kan Suzuki da Yamaha na hannu da ake shigowa da su ta Kwatano, daga baya na Sin irin su Jincheng suka cika kasuwa da araha, sai kuma Bajaj ta Indiya ta zo ta kwashe. Tsofaffin Besfa aka tura su zaure aka rufa musu buhu.

A ranar 1 ga Oktoba 1996 Janar Sani Abacha ya ba mu Jihar Zamfara, Gusau ta zama babban birni, ma'aikata suka dawo daga Sakkwato, gari ya buɗe, kabu-kabu ya ƙaru. Bayan Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Oktoba 1999 ta fara aiki a Janairu 2000, an hana 'yan kabu-kabu ɗaukar mata, aka ware motocin haya na mata. Waɗanda suka yi wayo a lokacin za su tuna yadda zuwa asibiti ko gidan biki ya koma sai an yi dogon jira a bakin titi, in dai ba mijinki na da abin hawansa ba. Keke mai ƙafa uku da ya yaɗu daga baya shi ya sauƙaƙa mana. Na kawo wannan ne don ki ga cewa duk juyin da babur ya yi a ƙasar nan, a jikin mace yake ƙarewa.

Sai kuma zamanin da ba na son faɗi, amma dole. Tun daga wajen 2011 rikicin satar shanu da ramuwar gayya ya rikiɗe ya zama ta'addancin 'yan bindiga, kuma abin hawansu babur ne. Su zo da yawa, mutum biyu ko uku a kan kowanne, su bi ta hanyar da mota ba ta shiga. Da babura da ƙafa aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe a Fabrairu 2021. Ƙauyukan Tsafe da na Bungudu sun ga abin da baki ba zai iya faɗi ba, hanyar Gusau zuwa Tsafe zuwa Funtuwa da Baba ke bi da Besfa ko da dare ta zama sai da addu'a. A Mayu 2019 rundunar soja ta hana hawa babur a dazuzzukan jihohi bakwai na Arewa, har da tamu. A Satumba 2021 gwamnatin Bello Matawalle ta sa aka rufe layukan waya, aka dakatar da kasuwannin mako, aka hana sayar da fetur a jarka, aka taƙaita zirga-zirgar babura da dare. Wata 'yar'uwarmu da ta yi gudun hijira daga wani ƙauye na Tsafe ta zauna da mu wata biyu. In ɗan kabu-kabu ya wuce ta bayan gida da daddare, sai ta zabura ta rarumi ɗanta ta nufi ƙofa ba mayafi. Yaron nata mai shekara huɗu ko babur ɗin wasa ba ya yarda ya taɓa. Kunnen da iyayenmu suka yi amfani da shi wajen tarbar miji, da shi 'ya'yanmu ke sauraren mutuwa.

To a cikin wannan hali ne maigidana ya zo min da maganar wai ya ji labarin wata Besfa a Tsafe, ta wani tsohon ma'aikacin lafiya da ya rasu, magada na son sayarwa. Na ce, “Malam, mi za ka yi da wanga tsohon ƙarhe, ga kuɗin makarantar yara na tahe?” Ya yi shiru, can ya ce, “Irin ta babana ce. Ina son in ji kukanta ƙohwar gida kahin in mutu.” Shi ma ɗan malamin makaranta ne, tasu Besfar an sayar da ita a shekarar da aka yi wa mahaifiyarsa aiki a asibiti. Ban ƙara cewa komai ba a ranar. Washegari na ce na yarda, amma da sharuɗɗa, kuma su ne zan ba ki, don in naki ya zo da irin wannan magana ki san ta inda za ki kama.

Na farko takardu. A Zamfara ta yau babur marar takarda masifa ne, ko da ya girmi ɗan sandan da ya tare shi. A nemi rasit na asali in yana nan, in ya ɓata a rubuta takardar ciniki da sa hannun dukkan magada da shaidu da mai unguwa, a rubuta lambar inji da lambar bodi a ciki, sannan a je a yi rajista a karɓi sabuwar lamba. Kayan gado ne, in magaji ɗaya bai yarda ba, wata rana za a yi sallama da ku daga kotu. Mu sai da aka jira wata ɗiyar mamacin da ke aure a Funtuwa ta aiko da yardarta. Kuma ba a tuƙo ta ba, a bayan a-kori-kura aka ɗoro ta da rana tsaka.

Na biyu, a duba ƙasanta kafin fuskarta. Besfa ba ta da ƙashin ƙarfe a ciki kamar sauran babura, jikin nata na farantin ƙarfe shi ne ƙashinta. In tsatsa ta cinye wurin ajiye ƙafa da ƙarƙashinsa, to bayanta ya karye, fenti ba zai yi magani ba, sai mai walda na gaske, wani lokaci ma asara ce. Dillalai sun iya shafa fenti mai ƙyalli a kan ruɓa. A kwantar da ita a leƙa, a ƙwanƙwasa. Inji kuwa, duk da shi ke ba mutane tsoro, ya fi sauƙin magani. A taka kik a ji ko fistin na motsi. In ya kafe don daɗewa, ana jiƙa shi da mai a buɗe, a canza fistin da ringi, a wanke kafireta, a wanke tankin da tsohon fetur ya daskare a ciki, a sa sabon fulogi. Robobin da ke hana mai yoyo duk sun bushe, sai an canza. Wayoyin kuloci da giya da birki su ma haka, don giyar Besfa a hannun hagu take, murɗawa ake yi, waya biyu ke jan ta, in ɗaya ta tsinke a hanya an tsaya ke nan. Tayu kuwa ko da zanensu bai goge ba, roba mai shekara ashirin ba abin yarda ba ce. Daɗin abin, tayar gaba da ta baya iri ɗaya ne, kuma tana ɗauke da safaya a jikinta.

Kayan gyaran ba su ɓace ba, kuma dalilin Indiya ce. Kamfanin Bajaj ya yi shekaru yana ƙera irin Besfa, Chetak ɗinsa da ya fito a 1972 ya yi sama da shekara talatin ana yin sa, wani kamfanin kuma mai suna LML ya yi ta ƙera irin samfurin PX da Piaggio ta fitar a 1977. Saboda haka kayan Indiya da yawa na shiga jikin ta Italiya. Abin da ba a samu a Gusau ba ana aikawa Kano. Sai dai akwai mai kyau akwai na banza, kuma araha ba ta ado.

Na uku, wannan ke ma ki sani don yara na iya ɗauka su zuba mata mai: injin tsohuwar Besfa ba ya shan fetur zalla. Ana haɗa shi da man inji na musamman a cikin tanki, kashi 2 cikin 100 a yawancin masu lamba 150, wato lita ɗaya ta man inji ga lita 50 ta fetur. In aka manta, fistin zai kama cikin tafiya kaɗan, duk kuɗin gyara ya bi ruwa. In aka zuba ya yi yawa, ta yi ta hayaƙi tana kashe fulogi. Wannan shuɗin hayaƙin mai ƙamshi-ƙamshi da tsofaffi ke so, shi ne kuma ya sa dokokin hana gurɓata iska na Turai suka kori irin wannan inji, Piaggio ta daina yin PX wajen 2017. Kada a tayar da ita a cikin zaure a rufe, musamman in akwai jariri ko mai asma a gida.

Na huɗu shi ne kuɗi, kuma nan ne ake ɓatawa. Gyaran tsohon babur rami ne marar ƙasa in ba a sa masa iyaka ba. Tun da aka cire tallafin mai a Mayu 2023 komai ya ninka, ba gidan da ke da rarar da za a yi wasa da ita. Sharaɗina shi ne ba za a taɓa kuɗin abinci da na makaranta da na magani ba, kuma ba za a ci bashi a waje ba. Da aka zo tsakiya kuɗi suka yanke masa, ya dubi kwasar adashena. Na ba shi, amma rance, a gaban ƙanensa, da watan biya. 'Yar'uwa, dukiyarki taki ce, ko sadaki ko adashe ko kuɗin ƙuli-ƙuli, in kin ga dama ki ba da kyauta, in kin ga dama rance, amma a faɗi sunan abin tun farko. Kada kunya ta sa ki yi shiru ki zo kina ƙunci shekara guda. Ya biya ni cikin wata biyar. Wani bakanike da aka fara kai wa ya karɓi kuɗin kaya ya ajiye ta wata uku a rana ba abin da ya taɓa, sai da aka ɗauke ta aka kai wa wani dattijo. Tun daga nan Malam ke sayo kayan da kansa, a biya ladan aiki bayan an gama.

In kin tambaye ni ko kuɗin sun dawo, a'a, kuma ba za su dawo ba. Wanda ke neman abin hawan zuwa gona ko na haya ya sayi Bajaj. Amma na lura da wani amfani da ban yi zato ba. A shingen jami'an tsaro ba a kallon dattijo a kan Besfa kamar yadda ake kallon saurayi a kan babur mai dogayen tayu, don kowa ya san wannan ba ta shiga daji, ko yashin rafi ba za ta haye ba. Ɓarayin babur ma ba ita suke nema ba, ba mai saye a wurinsu. Tsufanta da gajartar tayunta sun zame mata takardar shaida. Malam na zuwa masallaci da kasuwa da ita, ranar da hanya ta yi daɗi ya leƙa Bungudu da hantsi ya juyo kafin la'asar. Tsafe kuwa, inda ta fito, bai taɓa kai ta ba.

Dattijon da ya tashe ta ya haura saba'in, idonsa ya fara rauni, da kunne yake daidaita kafireta. Ya koyi aikin ne yana yaro a shekarun Udoji, lokacin da Besfa ke layi a ƙofar garejin maigidansa. Yaran da ke gabansa yanzu duk Bajaj da keke mai ƙafa uku suke koyo, don nan abinci yake, ba wanda ya iya ɗaura wayar giyar Besfa a cikinsu. Ranar da Malam ya je ɗaukowa, dattijon ya haɗa masa da wayoyi biyu na kuloci da fulogi uku da wani ɗan ƙaramin sifana a cikin leda, ya ce ya zauna ya nuna masa yadda ake canzawa da hannunsa. Sun yi Asabar uku suna wannan darasi. Ɗanmu na biyu, mai shekara goma sha huɗu, shi ke riƙe musu fitila.